Dunƙulen Gashi a Cikin Ɗiyar Yayata

Shekarar da na fara koyarwa a Tasawa, yayata tana aure a wani ƙauye kusa da Kona, ɗiyarta ta fari kuwa ba ta wuce shekara takwas ba. Yarinya ce mai baki, ba ta ganin mutum ba ta ɗauki tafiyarsa da maganarsa ba. In mai tallar goro ya wuce, kafin ya sha kwana ta riga ta ɗora faifai a kai tana jan ƙafa irin tasa, matan gida suna riƙe ciki. Tanti take ce mini, wato ƙanwar uwa, kalmar da ta tsinta a bakin yaran birni, ni kuma ɗiyata nake ce mata, haka muke yi a gidanmu.

Bayan an yanke gero ne aka fara lura ta rage ci. Loma biyu ko uku sai ta janye hannu ta ce ta ƙoshi. Wani lokaci abin da ta ci ya dawo. Ta rame, idonta ya yi fari, bakinta ya ɗauki wani wari da asuwaki bai kore ba. An kai ta ƙaramin gidan likita na kusa da su, aka ba ta maganin tsutsar ciki, aka ba ta na zazzaɓi, ta ɗan ji sauƙi sannan abin ya koma. Mahaifiyarmu, wadda duka muke kira Inna, ta ce shawara ce, ta yi ta aika musu da saiwoyin jiƙo. Akwai kuma wani fili a kan yarinyar, sama da kunnen hagu, inda gashi ya zube. Wasu suka ce makero ne, yayata ta ce mai kitson ƙauyen ce ke ja da ƙarfi.

Da aka ba da hutun lakkol, wato makaranta, na je na ɗauko ta. Yayata tana jego a lokacin, ga kunyar ɗan fari da ta hana ta nuna damuwa a gaban surukai, amma da na ce zan tafi da yarinyar, ban rufe baki ba ta fara ɗaure mata kaya. Inna tana zaune tare da ni a Tasawa, sai muka zama mu uku a ɗaki da falo. Ita da jikarta ƙawaye suke kiran juna, kullum cikin tsokana suke.

Duk mun san yarinyar tana da wata ɗabi'a. In ta yi shiru, abin da ba kasafai take yi ba, sai ta naɗa jelar kitsonta a yatsa, ta kai baki. Mun gani tun tana ƙarama, kamar yadda ake ganin yaro mai tsotsar yatsa, ba wanda ya ɗauke shi wani abu.

Wata safiya ta tashi da ciwon ciki irin wanda ba ta taɓa yi ba. Ta dunƙule a tabarma, gwiwoyi a ƙirji, ta yi amai kore kamar ruwan ganye. Ko ruwa ta kurɓa sai ya dawo. Inna ta ce rabon yarinyar da bayan gida an kwana biyu. Maƙwabcinmu ya tada moto, wato babur, na zauna baya na rungume ta a tsakaninmu, muka nufi babban gidan likita. Inna ta biyo mu a kabu-kabu, ita da ta sha rantsuwa ba za ta taɓa hawa ba.

Lokotoron da ya duba ta saurayi ne dogo, mutumin yamma, Hausarsa ta koyo ce, yana yi yana cike gurbi da Faransanci. Ya kwantar da ita, ya ɗumama hannunsa, ya fara danna cikin a hankali. Da ya zo ƙasan ƙirji sai ya tsaya. Ya kamo hannuna ya ɗora a wurin. Na ji wani abu mai tauri, dogo, yana ɗan gocewa ƙarƙashin fata in an tura shi. Abin da ya zo mini a rai shi ne irin ciwon nan da ba a son faɗin sunansa.

Shi kuwa bai nuna tsoro ba. Ya buɗe idonta ya duba, ya dubi farcenta, sannan ya nemi izini ya zame mata kallabi. Ya daɗe yana kallon filin nan na saman kunne, yana shafa guntayen gashin da suka kakkarye. Sai ya jawo kujera ya zauna daidai fuskarta, ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta ko tana cin gashinta. Ya ce ba duka, ba faɗa, so kawai yake ya sani.

Ta dube ni, ta dubi Inna, sannan ta ce, “Ni ba ci nake ba. Tsotsa nake, shi ke wucewa da kanshi.”

Duk da halin da muke ciki sai da lokotoro ya yi dariya. Ya aika mu aka yi mata eko, wato aka ɗauki hoton cikin, sannan ya zaunar da mu ya yi bayani. Ya ce tumbin mutum yana narkar da tuwo da nama, amma ba ya iya komai da gashi. Gashi santsi gare shi, ba ya wucewa, sai ya maƙale a lungunan tumbi, wani ya zo ya tarar da wani, abinci ya manne a jiki, a hankali har ya zama dunƙule. Nata ya cika tumbin, ya kuma yi jela ya shiga hanji ya toshe hanya. Ba maganin sha da zai fitar da shi, sai an buɗe an ciro. Ya ce aiki ne da aka sani, yara suna warkewa sarai, amma ba a jira da shi.

Inna da ta ji an ce gashi a cikin mutum, sai fuskarta ta canza. Ta jawo ni gefe ta ce wannan ba ciwon likita ba ne, jifa ne, ta fara lissafa waɗanda ba sa shiri da yayata a ƙauyen. Yarinyar tana kwance tana jin mu. Da ƙyar ta ɗaga kai ta ce wa ƙawarta ta bar ɗaukar alhakin mutane, ba wanda ya sa mata, ita ta sa da hannunta, har da zaren bakin zanen Inna in ta samu. Inna ta dubi bakin zanenta da ya zaizaye, ba ta sake ta da maganar ba.

Aka sa mata ƙarin ruwa, aka zura mata siririn tiyo ta hanci don ya janye abin da ya taru. Na buga wa mahaifinta waya, kafin azahar ya iso da ƙurar hanya har gira. Ƙato ne, manomi, wanda ke ɗaga buhun gero shi kaɗai ya aza a amalanke, amma duk danginmu sun san ba ya ƙaunar allura. Aka ce jinin yarinyar ya yi ƙasa, ana son a tanadi wani kafin a shiga, aka gwada nasa ya dace. Ya kwanta a gadon da ke kallon nata, ya miƙa hannu can nesa kamar ba nasa ba, ya juya fuska bango, ya runtse ido, yana jan salati da wata siririyar murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. Ɗiyarsa, da tiyo a hanci, ta zuba masa ido ba ta ko ƙiftawa.

Bayan azahar suka tura ta ciki. Muka zauna ƙarƙashin itacen bedi a harabar, tare da wasu masu jinya. Wata mata daga wajen Kanan-Bakashe, wadda mijinta ya karye a ƙafa, ta matsa mana a tabarmarta, ta dama fura ta tilasta wa Inna ta sha. Mahaifin yarinyar ya kasa zama. Ya je masallaci ya dawo, ya kira yayata ya ce mata ba labari tukuna, ya sake kiranta ya faɗa mata haka nan. Ni dai ƙofar nake kallo.

La'asar ta yi sanyi sannan lokotoro ya fito, hularsa jiƙe da gumi. Tun daga nesa ya ɗaga mana babban yatsa. Ya ce an gama, hanjin bai lalace ba, ba a yanke komai daga jikinsa ba, tana barci. Sannan ya tambaya ko muna da zuciyar ganin abin. Wata ma'aikaciya ta fito da tasa ta ƙarfe an rufe da ƙyalle.

Ban san me na zata zan gani ba. Abu ne baƙi ƙirin, mai sheƙi, ya ɗauki siffar tumbin da ya zauna a ciki, kamar ƙaramin gora mai lanƙwasa, ga wata doguwar jela da ta kanannaɗe a gefen tasar. Warinsa kuwa ba a magana. Mahaifinta ya leƙa sau ɗaya, ya zauna daɓas a ƙasa yana hamdala. Inna ce ta matsa kusa, ta toshe hanci da gefen mayafi, ta karɓi tsinke tana tonawa. Ta nuna mana wani jan zare a tsakiyar gashin, ta ce wannan na zanen da ta yi Sallar bara da shi ne, dama ta yi ta zagin ɓeraye a banza.

Masu jinya suka taru, kowa na son ya gani. Lokotoro ya nemi izinin ɗaukar hotonsa don koya wa ɗalibai, muka yarda. Amma Inna ta kafe ba za a jefa gashin jikarta a shara ba. Aka naɗe shi da kyau aka ba mu, mahaifinta ya ari fartanya ya je bayan gari ya binne.

Da ta farka, abin da ta fara nema ruwa ne, shi ne kuma aka hana. An ɗinke tumbi, sai ya huta. Nakan jiƙa auduga in shafa mata a leɓe, ta bi hannuna da harara. Lokotoro ya ce alamar da ake jira ita ce hanji ya farka ya fara motsi, kuma za a gane haka in ta yi tusa. Ya faɗi kalmar kai tsaye, a gaban Inna da surukinta, ba ko kunya, don ita aka koya masa. Mahaifin yarinyar ya sunkuyar da kai ya fice.

Daga nan ba a da wani zance a ɗakin sai wannan. Ɗaki ne na mata da yara, gadaje a jere, ba abin da ke ɓoyuwa. Duk safiya ma'aikaciya za ta zo ta ɗora abin saurare a cikinta, ta yi tambayar. Tsohuwar gadon kusa da taga, mai ciwon sukari, takan gaishe mu ta ɗora da nata binciken. Mai shara ma in ya zo wucewa sai ya ɗaga gira. Aka ce ta riƙa tashi tana takawa, sai mu bi baranda a hankali, ita a duƙe tana dafe da ciki, ni ina riƙe da jakar ƙarin ruwa sama kamar mai riƙe fitila. Yarinyar da ba ta jin kunyar kowa, sai ga ta tana rufe fuska in an tambaye ta.

Ranar da abin ya zo da hantsi ne, ɗakin ya yi tsit, ana jiran zagayen likitoci. Ƙarar ba ta da yawa, amma kowa ya ji. Sai Inna, wadda ta rene mu da cewa ɗiya mace ba ta yin wannan ko a gaban kaza, ta miƙe tsaye ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Ɗakin ya kaure da dariya da barka. Tsohuwar taga tana tafi, matar Kanan-Bakashe ta rugo daga ɓangaren maza tana tambaya ko haihuwa aka yi. Ɗiyata ta ja zane ta rufe kai, muna ganin zanen yana girgiza.

“Ƙawata,” in ji ta daga ciki, “ashe dama kina so, kika yi ta hana mu?”

Aka cire tiyon hanci. Aka fara ba ta ruwa a cokali, sannan shayi, sannan kunu tsararo. Ba zan manta yadda ta riƙe kofin nan da hannu biyu ba. Ta shanye, ta tsaya tana sauraren cikinta kamar mai jiran a kira ta, sannan ta dube ni da mamaki ta ce akwai sauran wuri. Ta daɗe ba ta san yunwa ba, ta manta yadda take. Daga ranar ba ta da magana sai ta abinci. Ta ce a kawo mata kilishi, ta ce awara da yaji, ta ce ɗanwake. Lokotoro ya ce a bi a hankali, sai ta riƙa jera masa abin da za ta ci in ta fita, shi kuma yana ƙara mata da na garinsu.

Da ƙarfi ya fara dawowa, sana'arta ma ta dawo. Wata yamma mahaifinta yana zaune bakin gado, sai ta miƙe hannu can nesa, ta juya fuska bango, ta runtse ido, ta fara salati da siririyar murya. Ba wanda ya buƙaci a gaya masa ko wane ne. Ma'aikaciyar da ta ɗebi jinin tana wurin, sai da ta jingina da ƙofa. Shi kansa ya yi ta dariya har da hawaye, yana cewa a mayar masa da jininsa tunda abin rashin kunya ne. Ita kuma dariyar tana ja mata ɗinki, sai ta danna matashi a ciki tana cewa a bari, alhali ita ta fara.

Kafin a sallame mu lokotoro ya zauna da mu, har da ita. Ya ce ciro gashi shi ne mai sauƙin, abin da ya rage namu ne, don in ta koma tsotsa zai sake taruwa. Ya ce kada a dake ta, kada a yi mata gori. Wasu yaran ƙarancin jini ke sa su sha'awar cin abin da ba abinci ba, wasu damuwa, wasu kuma sabo ne kawai da hannu ya yi. Ya rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, ya ce a sama wa hannunta abin yi, a kuma rage gashin sosai na ɗan lokaci yadda ba zai kai baki ba.

Nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ko ranar aiki. Ta ce yara za su ce mata namiji. Na lallashe ta, mahaifinta ya yi alkawarin kallabi sabo, duk a banza. Sai Inna ta tashi ta sakaya labule, ta dawo ta zauna gabanta, ta kwance ɗankwalinta. Ni da aka haifa a cikinta rabon da in ga kanta a buɗe na manta. Ba komai a kai sai ɗan farin gashi tsilli-tsilli a gefe, tsakiyar kuwa sumul.

“To dubi,” in ji Inna. “Haka nake yawo cikin garin ga, kowa na gaishe ni da Hajiya. Wa ya sani?”

Yarinyar ta tsaya da kuka, ta kai hannu ta shafa. Ta ce ita aƙalla nata zai fito. A tsakar gidana na rage mata shi da almakashi ranar da muka koma, tana riƙe da madubi tana ba ni umarni.

Ta ƙara kwanaki a wurina har aka cire zare, sannan muka kai ta gida. Mota ta sauke mu a Kona ranar kasuwa, mahaifinta ya zo da amalanke ya shimfiɗa katifa a kai, ya riƙa jan shanun a hankali yana kauce wa ramuka. Tun daga bakin rijiya yara suka gane mu, suka biyo amalanken da gudu. Yayata tana tsaye a ƙofar gida da jariri a baya, surukarta da sauran mata a gefe. Na ga tana ƙoƙarin yin abin da aka saba, ta gaishe ni, ta gaida Inna, ta yi kamar ba ta ga wadda muka kawo ba. Surukar ce ta tura ta da gwiwar hannu ta ce ta je mana, yau ba mai kallonta. Ta durƙusa a ƙasa ta rungume ɗiyarta, ta daɗe ba ta saki ba, sannan ta ɗaga mata riga ta bi tabon da yatsa tun daga sama har cibiya. An yanka zakara ranar, yarinyar ta ci cinya guda ta nemi ƙari.

Ɗabi'ar ba ta tafi rana ɗaya ba. Kakarta ta wajen uba ta koya mata saƙar faifai, aka ajiye mata kaba a inda take zama, hannun ya samu wurin zuwa. Duk da haka, da gashin ya fara tsawo, ita da kanta ta zo ta gaya wa uwarta ta tsinci yatsanta a kai tana cikin aji, ta ce a sake rage mata. Aka rage. Na mayar da ita wurin lokotoro ya duba, ya ce cikin lafiya lau, jinin ma ya cika.

Yanzu ta zama budurwa, tana kolej a Mayahi, a gidan ƙanen mahaifinta. Ta fi ni tsawo. Filin saman kunnen ya cike, ba mai cewa an taɓa yin komai a wurin. A hutun da ya wuce ta zo mini da wata ƙawarta, suka kwana biyu, suka cinye mini tukunyar shinkafa da wake da na dafa don ta kai mu gobe. Da za su tafi na raka su tasha, ta samu wurin taga, motar na tashi tana leƙowa tana gaya mini in gyara ƙofar kicin ɗina kafin damina.